Gurbin Marigayi Hambali

Alhaji Oumarou bai taɓa taka harabar jami'ar ba sai ranar liyafar, ko da yake kuɗinsa sun daɗe da riga shi shiga.

Mutumin Maraɗi ne, yana da shago a Morrisania, wata unguwa a Bronx ta birnin New York, inda yake sayar da shadda da turaren wuta da gero da daddawa, a bayan shagon kuma ake ɗura kaya a gangunan da mutane ke aikawa gida. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Nijar da ke Bronx. Da amininsa Hambali ya rasu, Hambalin da suka fara tallar huluna da tabarau tare a bakin titi tun kafin Allah ya buɗa wa Alhaji, sai 'yan ƙungiya suka zauna shawarar abin da za su yi ya zame masa sadaka mai gudana. Wasu suka ce a haƙa rijiya a ƙauyensu, wasu suka ce a sake wa masallaci shimfiɗa. Ana cikin haka Nafi'u ya sa baki.

Nafi'u Bakano ne, Juma'a ce ke haɗa shi da su. Yana aiki a ofishin tara gudummawa na tsangayar kasuwanci ta wata jami'a a Manhattan. Ya ce musu tsangayar tana da ƙungiyar masu ba da tallafi, hawa-hawa ce, kowa da rukunin da hannunsa ya kai shi. In suka haɗa kuɗi suka shiga da sunan ƙungiyarsu, za a buɗe gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, da sunan Hambali, a ɗauke wa ɗalibi rabin kuɗin makaranta.

"Ku kun iya kasuwa," in ji shi. "'Ya'yanku kuma su ya kamata su riƙe kamfanoni."

Maganar ta shiga Alhaji. Shi ya bi shago-shago, ya bi masu kasa kaya a tebur a titin Fordham Road, ya tare direbobin tasi a ƙofar masallaci. Matar marigayin ma, Hajiya Aïchatou, ta sayar da awarwaronta na zinariya ta zuba a ciki, duk da an roƙe ta ta bari.

Ranar liyafar, wata Asabar da rana, Alhaji ya rufe shago, abin da ba ya yi sai da Salla. Ya sa babbar rigarsa ta shadda mai ruwan toka, ya ɗauki Hajiya Aïchatou da 'yarsa Hidaya, wadda ke riƙe masa shago, don ta yi musu tafinta. Turancin ciniki yana jin sa sarai, amma Turancin jawabi yakan wuce shi.

A bakin zauren wata yarinya ta maƙala musu ɗan tambari mai ruwan tagulla a ƙirji. Ya lura na waɗansu azurfa ne, na waɗansu zinariya. Masu zinariya suna gaba, kusa da dandamali. Su kuwa aka kai su teburin ƙarshe, dab da ƙofar da masu raba abinci ke shiga da fita, kowane lokaci ƙofar ta buɗe sai ta kusa bugun kujerar Hajiya. Alhaji ya kife kofin giyar da ke gabansa, ya kife na Hajiya, ya gyara hula. Shi abin da ya kawo shi daban ne. Yana so ya ga ɗan wane shago ne Allah ya ciyar, don Nafi'u ya ce masa jami'a ba ta faɗar suna sai ranar.

Aka kawo kifi da ganye. Shugabar tsangaya ta hau ta yi dogon jawabi, ta gode wa wani dattijo da ya gina ɗakin karatu, ta gode wa wata mata da ta ba da kujerar farfesa. Daga nan aka fara kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan gurbin da ya ci. Can wajen ƙarshe aka ambaci Hambali. Matar ta murɗe sunan har sai da Hidaya ta taɓa hannun Hajiya ta ce, "Namu ne."

Wani saurayi dogo cikin kwat shuɗiya ya miƙe daga tsakiyar zauren. Aka ce sunansa Ammar. Alhaji ya ƙura masa ido yana neman kamannin wani daga cikin mutanensu, bai samu ba. Sai ya bi inda tafi ya fi ƙarfi, ya hango uban yaron a wani tebur na masu azurfa. Ya san shi. Babban ma'aikaci ne a wata hukumar ƙasa da ƙasa, yakan zo Morrisania sayen gero da kilishi, amma direbansa ke shiga shago, shi yana bayan mota gilashi a rufe.

Hajiya Aïchatou ta sunkuyo. "Alhaji, ɗan wa ne? Ban gane shi ba. Ɗan wane shago ne?"

Yaron ya riga ya karɓi lasifika yana magana, lafiyayyen Turanci, mutane suna dariya inda ya kamata a yi dariya.

"Mi yake cewa?" Alhaji ya tambayi Hidaya.

"Godiya yake yi."

"Na ji godiya. Sauran fa?"

"Ya ce ya yi aiki a banki kafin ya dawo karatu. Ya ce yana gode wa gidauniyar iyalan Hambali, attajirin da ya yarda da makomar Afirka."

"Attajiri."

"Haka ya ce."

Hajiya ta ajiye cokali mai yatsu a hankali, ta ja gyalenta ta rufe rabin fuskarta.

Alhaji ya miƙe. Kujerarsa ta yi ƙara, mutanen teburin kusa suka waiwayo. Ya hangi Nafi'u tsaye a jikin bango, ya yafito shi da hannu ɗaya, ya fita ta ƙofar baya bai duba ko yana biye ba. Hidaya ta bi su.

A barandar waje, tsakanin hotunan tsofaffin masu ba da tallafi da aka jera a bango, Nafi'u ya iso yana murmushi. "Alhaji, ina fata an ji daɗi."

"Nafi'u, kai Musulmi ne?"

Murmushin ya ɗauke. "Subhanallahi. Me ya faru, ranka ya daɗe?"

"Wancan yaron ɗan wa ne a cikinmu? Ɗan mai tebur ne? Ɗan mai tasi? Ubansa agogon hannunsa ya fi shagona. Mu munka tsaya cikin ƙanƙara munka tara, matar mutum ta cire zinariyar hannunta, kai kuma ka ɗauka ka ba wanda ya ƙoshi."

"Ba ni nake zaɓa ba, kwamiti ne. Kuma sharaɗin da jami'a ta yarda da shi na karanta muku: ɗalibi mai alaƙa da Afirka ta Yamma. Doka ba ta bari a ce sai ɗan wane."

"Ka karanta da Turanci. Da Hausa mi ka ce? Ka ce ɗiyanmu. A cikin masallaci ka faɗa, ga alƙibla nan."

"Na faɗa, kuma haka na so."

"So ba shi ne na tambaye ka ba."

Nafi'u ya sassauta ɗamarar wuyansa. Shi ma ransa ya fara ɓaci, muryarsa ta yi ƙasa. "To bari in gaya maka gaskiya, Alhaji, tunda ka kira addinina. Ba a ba mutum gurbin sai ya fara samun shiga makarantar. Shiga kuma sai da jarrabawa, sai da shekarun aiki a ofis. Na zo masallaci na yi sanarwa, na saka a dandalinku na waya, na ce duk mai ɗa ko 'ya da ya gama digiri ya turo min shi in taimaka masa kyauta. Babu wanda ya turo. Duk suna bayan kantar shago suna ba da canji. In ba a ba kowa ba kuɗin zama za su yi, sunan marigayi ma ba za a ambata ba."

"Ƙarya ne. A duk Bronx a rasa yaro guda?"

"Mutum ɗaya ce ta kira ni. Ita ma daga baya ta ce in manta da maganar."

"Wace ce? Faɗa mini, in je in ji daga bakin ubanta."

Nafi'u ya kau da kai yana kallon hotunan bango.

"Ni ce, Baba," in ji Hidaya.

Alhaji ya juyo. A Bronx ta girma, in ranta ya ɓaci Turanci ke zuwar mata. Yau kuwa da Hausa ta yi, tana zaɓar kalma ɗaya-ɗaya, don kada ya ce wani abu ya wuce shi.

"Na gama digirin akanta, kamfani ya kira ni intabiyu, suka ɗauke ni. Ka ce in dakata sai ka sami amintacce. Na dakata. Da azumi na zo maka da maganar ajin share fagen jarrabawar nan, kana ƙirga katan-katan na dabino, ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce wa zai riƙe shago. Ni na rubuta maka wasiƙun neman gudummawar nan, ni na kai kuɗin banki. Na san ba don ni ake tarawa ba."

"Hidaya, nan ba wurin wagga magana ba ne."

"Ina ne wurinta? A gida ka ce ka gaji, a shago ka ce ga mutane. Kana zagin Malam Nafi'u a kan 'ya'yan mutane, taka tana tsaye."

"A gaban baƙo za ki tsinka ni?"

"Kai ka tambaya wace ce."

Alhaji ya cusa hannu cikin aljihun riga. Abin da ya fi ci masa rai, Nafi'u ya sunkuyar da kai kamar mai jin tausayinsa, shi kuwa ya gwammace a zage shi da a tausaya masa.

Ƙofa ta buɗe, wata Baturiya daga ofishin su Nafi'u ta fito da fara'arta, mai hoto na biye da ita, Ammar na bayansu, Hajiya Aïchatou kuma a ƙarshe. Baturiyar ta ce ana so a ɗauki masu tallafi tare da ɗalibinsu, don mujallar tsangaya. Ta yaba rigar Alhaji, ta ce za ta yi kyau a hoto.

"Gaya mata ba ni yi," ya ce wa Hidaya. Hidaya ta ƙi fassarawa, sai Nafi'u ne ya fassara, ya kuma tausasa maganar fiye da yadda aka faɗe ta.

Ammar ya matso ya miƙa hannu biyu, ya rusuna kaɗan. "Ina wuni, Baba," ya ce da wata Hausa mai nauyi a harshe. Alhaji ya dubi hannun, ya bar shi a miƙe.

Hajiya ce ta tsaya gaban yaron. Gajera ce, sai da ta ɗaga kai. "Kana jin Hausa?"

Ya gyaɗa kai, ya amsa da Turanci cewa yana ji, mayarwa ce ke ba shi wuya.

"To ka ji. Mijina ba attajiri ba ne. Huluna ya sayar a titi, 'yan sanda sun sha kwashe mishi kaya. Da ya rasu, karo-karo anka yi anka binne shi. Kuɗin da kake karatu da su na masu tebur ne da masu tasi. Ban ce ka yi sata ba, an ba ka ne ka karɓa. Amma kada ka ƙara tsayawa gaban mutane ka yi mishi ƙarya."

Ammar ya ce abin da ofis ya rubuta masa ke nan, bai sani ba. Fuskarsa ta nuna da gaske bai sani ba. Hajiya ta juya wajen Nafi'u.

"Kai ka rubuta attajiri?"

"Ba ni ba ne, Hajiya. Amma na gani kafin a buga."

"Ka gani." Ta dubi Alhaji. "Kai kuma da ka bar mu munka haƙa rijiyar, da yanzu ana sha."

Ba a yi hoton ba. Alhaji ya cire tambarin tagullar daga ƙirjinsa, allurar ta ja zaren shaddar, ya ajiye shi kan tiren wani mai raba abinci da ke wucewa. A jirgin ƙasa suka koma Bronx, su uku a jere.

Kafin Magariba labari ya gama Morrisania. Da aka yi taron ƙungiya a ƙasan masallaci, wurin bai ɗauki mutane ba. Abdulai, wani direban tasi da ya ba da abin da ya tara na zuwa gida, ya miƙe ya ce shi yana zargin an raba wani abu a bayan fage. Alhaji ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai da mutum uku suka shiga tsakani, liman ya sauko yana ba da haƙuri.

Nafi'u ya zo taron, ko da yake an ba shi shawara kada ya zo. Ya tsaya ya gaya musu kuɗin da aka bayar ba sa dawowa, kyauta ce. Ya ce in sun sabunta shiga a bana zai nema musu zama da shugabar tsangaya a gyara sharaɗin, a ce ɗalibin da iyayensa ke ƙaramar sana'a a Bronx, wannan doka ta yarda da shi.

"Tunda doka ta yarda, don mi ba ka rubuta haka tun farko ba?" wani tsoho ya tambaya.

Nafi'u ya ce ofis ya fi son sharaɗi mai faɗi, shi kuma bai matsa ba, don shekarar ana neman ya kawo sababbin mambobi. Aka yi ta surutu har ba a jin kowa. Da aka ɗaga hannu, babu ko ɗaya da ya goyi bayan sabuntawa. Wani ya kawo shawarar a riƙa biya wa yara ajin jarrabawar kai tsaye, aka ce madalla, amma da aka tambayi wa zai saki nasa ɗan daga shago, sai kowa ya shiga duba wayarsa. Alhaji ya ce a nemi wani shugaban, shi ya sauka. Ba wanda ya roƙe shi ya zauna.

A gida da shago, maganarsa da Hidaya ba ta wuce gaisuwa da farashin kaya. Wata safiya, bayan ta gama jera turare, ta ajiye masa makullan shagon a kan tebur. Ta ce ta sami aiki a wani kamfanin akanta a Brooklyn, ƙarshen wata za ta fara, kuma ta biya kuɗin ajin da kanta.

"Shawara kike nema ko labari kike ba ni?"

"Albarka nake nema, Baba."

Ya ɗauki makullan ya jefa a aljihun tebur. "Allah shi ba da sa'a," ya ce, yana kallon titi. Ta tsaya kaɗan ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Ta fara aikin. Shi kuma ya koma buɗe shago da kansa, ya ɗauki wani ɗan Agadas ya sallame shi, ya ɗauki wani.

Wata Laraba da hantsi, yana fama da na'urar karɓar kati da ta ƙi aiki, wata mata 'yar Gana tana tsaye da atamfa a hannu tana jira, sai ga Ammar ya shigo. Babu kwat yau, jaka ce a bayansa. Ya yi sallama, ya jira aka amsa, sannan ya harhaɗa Hausarsa da Turanci. Ya ce ya sa an gyara abin da aka rubuta a kan marigayi a shafin tsangaya. Ya ce kuma a ajinsu an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni zai zaɓi ƙaramar sana'a ya yi nazarinta ya ba da shawara kyauta, shi ya ga harkar aika ganguna ta dace.

Alhaji ya ajiye na'urar. "Kun ci kuɗinmu, yanzu kuma mu za ku karanta ku ci jarrabawa."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Na san ba haka kake nufi ba. Ku duka ba ku nufin komi. Nafi'u ma bai nufa ba." Ya nuna masa ƙofa da haɓa. "Ganguna ba su buƙatar shawara. In kana son yi wa Hambali wani abu, yana maƙabartar Musulmi ta New Jersey, liman zai kwatanta maka. Ka je ka yi mishi addu'a. Kada ka tafi da mai hoto."

Ammar ya tsaya kamar zai sake magana, sai ya ce to, ya fita.

Matar ta ɗaga atamfar. "Alhaji, zan makara fa."

Ya danna na'urar, ta sake nuna jan rubutun da bai gane ba. Ya ciro waya ya kira Hidaya. Ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, lafiya?"

"Wagga na'ura taki ta ƙi."

"Ina cikin taro. In na tashi zan biyo in duba."

Ya kashe wayar. Ya zare igiyar na'urar daga bango, ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya dubi matar.

"Yau sai kuɗi hannu," ya ce.